Likitan da Ya Koma Nas Don Ya Samu Biza

A shekarar 2004, wani matashi mai suna Elmer Jacinto ya zo na ɗaya a jarrabawar lasisin likitanci ta ƙasar Filifin. Ba a jima ba ya bayyana cewa Amurka zai tafi, kuma aikin nas zai yi a can, ba na likita ba. Jaridun Manila suka yi masa ca, har da masu cewa ya sayar da ƙasarsa. Shi da ma yana da shaidar karatun jinya tun kafin ya shiga likitanci, amma dubban abokan aikinsa aji suka koma domin su samo ta. Tsohon ministan lafiyar ƙasar, Jaime Galvez Tan, ya ƙiyasta cewa daga 2000 zuwa 2004 likitoci kimanin 3,500 ne suka fita a matsayin nas-nas, wasu dubbai kuma suna kan karatun. Makarantu sun buɗe musu gajerun kwasa-kwasai na yamma da ƙarshen mako. Sai ka ga likitan tiyata ya gama fiɗa da rana, da daddare ya zauna yana koyon gyaran gadon majinyaci, wani lokaci ma a hannun nas ɗin da yake ba umarni da safe.

Me ya sa suke yin haka? Amsar da ta fi saurin zuwa baki ita ce kuɗi, kuma gaskiya ce: albashin nas a Amurka yakan ninka na likitan gwamnati a Filifin kusan sau goma a wancan lokaci. Amma kuɗi ya bayyana dalilin tafiya ne kawai, bai bayyana dalilin sauya sana'a ba, tun da likita a Amurka ya fi nas albashi nesa ba kusa ba. Abin da ya sa likita ajiye sunansa shi ne yadda ƙasar da zai je ta tsara ƙofofinta biyu, ta lasisi da ta biza. Wanda ya yi karatun likitanci a waje sai ya ci jerin jarrabawar USMLE, ya samu shaidar hukumar ECFMG, sannan, a yawancin jihohi, ya nemi gurbin horon ƙwarewa a wani asibitin Amurka, na shekara uku zuwa bakwai gwargwadon fanni, ko da kuwa ya shekara ashirin yana duba marasa lafiya a ƙasarsa. A nan ne hanya take tsukewa. Tun 1997 majalisar dokokin Amurka ta ƙayyade yawan guraben horon da gwamnatin tarayya take biya wa kuɗi, kuma a 'yan shekarun nan kusan kashi 60 cikin ɗari ne kawai na baƙin likitocin da suka shiga rabon gurabe suke dacewa, bayan sun riga sun ci jarrabawa sun kashe dubban daloli. Wanda ya daɗe da gama makaranta ma ya fi shan wahala, domin asibitoci da yawa sun fi son sabon jini. Idan ya dace, galibi bizar J-1 ake ba shi, wadda ta wajabta masa komawa gida na shekara biyu bayan horo, sai fa in ya samu rangwame ta hanyar yin aiki a yankin da ke fama da ƙarancin likitoci, kuma kowace jiha mutum 30 kacal aka ba ta damar nema wa wannan rangwame a shekara.

Ƙofar nas kuwa daban take. Digirin likita ba ya ba mutum damar zama nas, dole sai ya yi karatun jinya a makarantar da aka amince da ita, amma daga nan jarrabawa ɗaya ce babba, NCLEX, sai tantance takardu da gwajin Turanci. Abin da ya fi muhimmanci, ma'aikatar ƙwadago ta Amurka ta daɗe da saka aikin nas cikin jerin sana'o'in da aka yarda akwai ƙarancin masu yinsu, don haka asibiti ba ya buƙatar tabbatar da cewa ya nemi ɗan ƙasa ya rasa kafin ya nema wa baƙo takardar zama ta dindindin, shi da matarsa da 'ya'yansa ƙanana. Magidanci mai shekara arba'in da ya auna shekara biyu na karatun dare da shekaru bakwai ko fiye na jarrabawa, jira da rashin tabbas, ba sai an yi masa lissafin ba. Ruwa dai gangare yake bi.

Sai dai wannan gangaren gwamnatin Amurka ce ta haƙa shi, kuma tana iya toshe shi a kowane lokaci, abin da masu tururuwa suka gane a makare. A 2005 aka ware ƙarin biza 50,000 domin nas-nas da makamantansu. Kafin ƙarshen 2006 sun ƙare. Aka koma layin da kowa yake bi, inda dokar ta hana kowace ƙasa ɗaya cin fiye da kashi 7 cikin ɗari na bizar, sai jira ya koma na shekaru. Tattalin arzikin Amurka ya karye a 2008, nas-nas 'yan ƙasa da suka bar aiki suka dawo, buƙata ta ja baya. A lokacin Filifin ta riga ta cika da makarantun jinya sama da 400, daga ƙasa da 200 a shekarun 1990, wasu ba su da ko asibitin koyarwa na kirki, ga kuma badaƙalar satar amsar jarrabawar nas ta 2006 da ta zubar da ƙimar takardar. Matasa masu lasisi suka rasa aiki, wasu suna biyan asibitoci kuɗi domin a bar su su yi aikin sa-kai su samu shaidar gogewa, wasu suka ƙare a kamfanonin amsa waya. A larduna kuwa an yi ta rahoton ƙananan asibitocin da suka rage aiki ko suka rufe saboda rashin likita. Waɗanda suka samu fita ma ba duka suka huta ba. Jacinto yana cikin nas-nas da suka ajiye aiki a gidajen jinya na jihar Niyok a 2006 bisa ƙorafin an saɓa musu alkawari, alhali kwantiraginsu ya ɗora tarar dala 25,000 a kan wanda ya tafi kafin wa'adi. Aka gurfanar da goma daga cikinsu da laifin jefa marasa lafiya cikin haɗari, sai a 2009 kotun ɗaukaka ƙara ta dakatar da shari'ar, tana mai cewa ta saɓa wa tanadin tsarin mulki da ya haramta aikin tilas.

Masu kare tsarin suna cewa tsaurin lasisi kariya ce ga majinyaci, domin makarantun likitanci na duniya ba ɗaya suke ba. Wannan hujja tana da ƙarfi, kuma babu mai hankalin da zai ce a miƙa wa kowa wuƙar tiyata don kawai ya nuna takarda. Amma tantance ƙwarewa daban, maimaita horo daga tushe daban. Ana iya sa ƙwararren likita ya yi aiki ƙarƙashin kulawa na wani lokaci a ga iyawarsa, kuma jihar Tenesi ta kafa dokar da ta buɗe irin wannan hanya a 2023, wasu jihohi suka bi sahu. Ƙasar da kusan kashi ɗaya cikin huɗu na likitocinta a waje suka yi karatu, kuma ƙungiyar kwalejojin likitancinta take hasashen giɓin da zai iya kai likitoci 86,000 nan da 2036, ba za ta ce ƙarancin gurabe duk don lafiyar majinyaci ba ne. A Mayami, jami'ar FIU ta daɗe tana gudanar da shiri na musamman na mayar da baƙin likitoci nas-nas, da yawansu 'yan Kyuba. Shirin ya fitar da mutane daga aikin ƙarfi ya mayar da su asibiti, abin a yaba ne, amma kasancewarsa shaida ce cewa likitocin suna nan a gari, hanyar ce babu.

Akwai kuma masu cewa mutum yana da 'yancin zaɓar abin da ya fi masa, kuɗin da yake turowa gida ya fi albashin da ya bari, sannan aikin nas ba ƙasƙanci ba ne. Duk haka ne. Jinya sana'a ce mai zaman kanta da iliminta, kuma likitan da ya shige ta da girman kai shi ne yake fara kasawa. Asarar tana wani wuri: kuɗin da aka turo yana gina gida, yana biyan kuɗin makaranta, amma ba ya yi wa mai naƙuda tiyata a ƙauye. Lokacin da likita ya yi hijira a matsayin likita, ƙasa ɗaya ta yi rashi, wata ta samu. Lokacin da ya tafi a matsayin nas, ta farko ta rasa likita, ta biyu ba ta samu likita ba, shekarun karatun da aka kashe wa dukiya sun tashi a banza ga kowa.

Darasin ya shafi Nijeriya kai tsaye. Ministan lafiya Ali Pate ya faɗa a 2024 cewa likitoci kimanin 16,000 sun bar ƙasar cikin 'yan shekaru, kuma Nijeriya da Nijar da Gana suna cikin ƙasashe 55 da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada a riƙa zawarcin ma'aikatan lafiyarsu. Martanin da aka fi ji shi ne na ɗaure ƙafa: ƙudirin 2023 na hana likita cikakken lasisi sai ya yi shekara biyar, da sharaɗin shekara biyu da hukumar nas-nas ta gindaya a 2024 kafin ta tantance takardun mai son fita. Wanda ya yarda ya ajiye sunan likita don ya tafi, jinkirin takarda ba zai zaunar da shi ba. Albashi, kayan aiki da tsaro ne za su iya. Shi kuma likitan da yake tunanin bin wannan hanya, kafin ya biya kuɗin makaranta ya duba shekarun da layin biza yake ɗauka a yau, ya tabbatar hukumar jinya ta inda zai je ta amince da makarantar, ya kuma karanta sashen tara na kwantiraginsa tare da lauya kafin ya sa hannu. Irin waɗannan ƙofofi kan rufe ba zato: Birtaniya ta hana masu aikin kula da tsofaffi zuwa da iyalinsu a 2024, ta kuma rufe ɗaukarsu daga waje gaba ɗaya a 2025.