Dokar Lahadi a Amurka: Sandar da 'Yan Sanda Ke Ɗauka In Sun Ga Dama

Jama'a, akwai wata irin doka da ta fi kowace haɗari ga talaka mai neman abinci, watau dokar da ta tsufa har mutane suka manta da ita, amma ba a soke ta ba. Tana nan kwance cikin littafi, sai ranar da ɗan sanda ya so kama wani ya kakkaɓe mata ƙura. Dokokin hana ciniki ran Lahadi na ƙasar Amurka sun isa misali, kuma labarinsu ya shafi duk wanda ke kasa kaya a garin da ba nasa ba.

Asalin waɗannan dokoki daga Ingila ne. A 1677 aka yi doka a can wadda ta hana 'yan kasuwa da masu sana'a yin aikinsu ran Lahadi, don kowa ya tafi coci. Turawan da suka ƙaura Amurka suka tafi da wannan al'ada, jihohi suka yi ta kafa irin nasu. Da zamani ya sake, mutane suka shiga saye da sayarwa ran Lahadi, sai majalisu suka riƙa yi wa dokar faci, yau a halatta taba, gobe a halatta jarida ko madara, har ta zama ba mai iya faɗin abin da ya halatta da wanda ya haramta.

To, a nan ne 'yan sanda suka sami abin yi. A birnin New York, wani kwamitin majalisar dattijan jihar a ƙarƙashin Clarence Lexow ya binciki 'yan sanda a 1894, ya gano yadda suke karɓar na goro wajen masu gidajen giya. Doka ta ce a rufe ran Lahadi. Wanda ya biya, ko kuwa yake da uwa a gindin murhu cikin 'yan siyasar birnin, sai ya rufe ƙofar gaba ya buɗe ta gefe, ba mai ce masa kanzil. Wanda ya ƙi biya kuwa, shi doka za ta hau kansa.

A 1895 aka naɗa Theodore Roosevelt, wanda daga baya ya zama shugaban ƙasa a 1901, shugaban hukumar 'yan sandan birnin. Shi a ganinsa maganin cin hancin shi ne a bi dokar kan kowa da kowa, babba da yaro. Ya sa aka rufe gidajen giya ran Lahadi. Ai kuwa gari ya ɗauki zafi, musamman wajen baƙi Jamusawa, leburorin da ke aiki kwana shida, Lahadi kaɗai ce ranar hutunsu. A 1896 majalisar jiha ta yi sabuwar doka wadda ta yarje wa otal mai ɗaki goma ya sayar da giya tare da abinci ran Lahadi. Nan da nan masu gidajen giya suka yanka ɗakuna, kowa ya zama mai otal. An gudu ba a tsira ba ke nan.

Maganar ta kai Kotun Ƙoli ta Amurka a 1961. A Jihar Maryland an ci ma'aikata bakwai na wani babban kanti tarar dala 5 kowannensu, saboda sun sayar da ƙananan kaya ran Lahadi, ciki har da man goge daɓe da abin wasan yara. Babban Joji Earl Warren ya yanke cewa dokar tana nan daram, wai ko da asalinta addini ne, yanzu manufarta ita ce kowa ya sami ranar hutu guda.

A wannan shekara kuma wasu Yahudawa 'yan kasuwa na birnin Philadelphia suka kai kuka. Su addininsu ya hana su ciniki ran Asabar, ga doka ta hana su ran Lahadi, watau suna asarar kwana biyu a mako alhali maƙwabtansu Kirista na asarar ɗaya. Kotu ba ta ba su gaskiya ba. Duk ɗan kasuwar da ke rufe rumfa ya tafi masallacin Juma'a a garin da Lahadi ce ranar hutu, ya san irin wannan lissafi.

Abin da ya karya dokar a New York shi ne son kan da ake yi wajen aiki da ita. An daɗe hukuma ba ta kama kowa sai in wani ya kai ƙara. Sai ƙungiyar ma'aikatan yankan nama ta riƙa kai ƙarar manyan kantunan da ke buɗewa ran Lahadi, don biyan bukatar kanta, ana gurfanar da su, sauran masu karya dokar kuwa suna cin kasuwarsu. A 1975, a shari'ar kantunan Acme, babbar kotun jihar ta ce wannan wariya ce, ta saɓa wa tsarin mulkin da ya ce kowa daidai yake a gaban doka, ta kori ƙarar. A 1976 kotun ta rushe sashen dokar da ya hana ciniki, don facin da aka yi masa ya yi yawa har ba ya da kan gado.

Amma fa ba ko'ina aka yar da ita ba. A gundumar Bergen ta Jihar New Jersey, mutane da kansu suka jefa ƙuri'a a 1980 da 1993 suka zaɓi a ci gaba da rufe kantuna ran Lahadi, don su huta da cunkoson motoci. Wannan ya nuna ranar hutu ba ita ce abin ƙi ba, muddin jama'a ne suka so ta, kuma ta hau kan kowa.

Mu ma nan gida mun ɗanɗana irin wannan. Shekara da shekaru ana kama mutane da laifin yawon gantali, dokar da muka gada daga Turawan mulkin mallaka, kuma baƙo marar galihu ya fi kowa faɗawa hannu. A 1989 gwamnatin soja ta soke wannan laifi. Saboda haka, ɗan'uwa, ko a Agege kake ko a Sabon Ibadan, in an tare ka an ce ka karya doka, kada ka yi gardama ko faɗa. Ka tambaya cikin ladabi wace doka ce, ka aika a gaya wa Sarkin Hausawa ko shugabannin ƙungiyar kasuwarku, su nemi lauya. Shugabannin nan kuma su riƙa rubuta wa aka kama da wa aka ƙyale, gama irin wannan shaida ce ta ci shari'a a New York.

Allah Ya kare mu daga sharrin zalunci, amin.