Kada Rashin Sani Ya Raba Mu da Giyar Keke

Tun da aka janye tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, keke ya dawo da martabarsa a ƙasar Dawakin Tofa. Duk wanda ya bi hanyar Katsina da sassafe zai ga mahaya sun nufi kasuwar Dawanau, wani da buhu a kariya, wani da kayan sana'arsa. Sai dai kekunan yau ba Raleigh da Phoenix na iyayenmu ba ne kaɗai. Da yawansu na hannu ne da ake shigowa da su daga waje, masu giya shida ko bakwai a baya.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne wata al'ada da na lura tana yaɗuwa. Da zarar giya ta fara ƙara ko sarƙa ta fara zamewa, sai mai gyara ya kwance na'urar da ke sauya giyar, ya rage tsawon sarƙa, ya mai da keken mai gudu ɗaya. Mai keke ya biya kuɗin giya, ya kuma sake biya an raba shi da ita. Wasu na cewa ƙasarmu shimfiɗaɗɗiya ce, ba ta buƙatar giya. Amma wanda ya taɓa ratsa yashi da buhun gero, ko ya fuskanci iskar hunturu, ya san amfanin giya mai laushi ga gwiwarsa.

Alhali yawancin matsalolin ƙanana ne. Na'urar nan da ke rataye a gefen tayar baya, waya ce ke jan ta zuwa manyan faya-fayan haƙora, sifirin kuma ya mayar da ita ƙanana. Idan sarƙa tana jinkirin hawa babban faifai, wayar ce ta saki. Akwai wani ɗan maɗauri a inda wayar ta shiga na'urar. A warware shi rabin zagaye, a gwada, a ƙara in da buƙata. Idan kuwa saukowa take ƙi, to wayar ta yi tsauri ko ƙura ta cushe bututunta.

Akwai kuma sukurori biyu masu alamar H da L, waɗanda aikinsu shata iyaka ne. Na H yana hana sarƙa faɗawa waje daga ƙaramin faifai, na L kuma yana hana ta wuce babba ta afka cikin wayoyin taya. Wannan na biyun shi ne mai haɗari, domin na'urar na iya shiga taya ta karye, ta kayar da mahayi a tsakiyar titi. Kafin a taɓa su, a tsaya a bayan keken a duba: in ƙananan ƙafafun na'urar biyu ba su miƙe sak ƙarƙashin faifai ba, ƙarfen da ke riƙe ta ne ya lanƙwashe, galibi bayan faɗuwa. Sai an miƙar da shi sauran gyara zai yi tasiri.

Mu ma mahaya muna da namu. Baƙin mai da ake lafta wa sarƙa yana kama yashi ya riƙa cin haƙora. A wanke ta da kananzir, a ɗiga mai kaɗan, a goge saura. Kuma ana sauya giya ne ana taka feda a hankali, ba a tsaye ba, ba kuma lokacin da ake dannawa da ƙarfi ba.

Hausawa na cewa rashin sani ya sa kaza ta kwana a kan dami da yunwa. Ina kira ga Ƙaramar Hukumar Dawakin Tofa da shugabannin masu gyaran keke su nemo waɗanda suka ƙware a wannan aiki, su koyar da matasan da ke faci a ƙauyukanmu. Sukudireba ɗaya da horon 'yan kwanaki sun isa su tsare wa talaka dukiyarsa, su kuma ƙara wa mai gyara abin sawa a bakin salati.