An Ba Ki Ilimin Dabbobi Maimakon Likitanci? Share Hawayenki

 Duk shekara idan sunayen shiga jami'a suka fito, sai ki tarar da wata ta kulle kanta a ɗaki tana sharɓar kuka, wai ta nemi likitanci an ba ta Zoloji, wato ilimin dabbobi. Ƙawaye na tsokana wai za ta je sharar kejin kura a gidan zu, saurayi na dariya, Umma kuma ta ce in dai wannan ne gara a yi aure a huta. A littattafan soyayya ma jaruma in ba likita ba ce to lauya ce. Ni kuwa na ce ki tsaya ki ji abin da kwas ɗin ya ƙunsa kafin ki yar da takardarki.

Abu na farko da za a koya miki shi ne rarrabe dabbobi gida-gida, kamar yadda kakarki ke zaunar da ke ta lissafo miki dangi. Wani masani ɗan ƙasar Suwidin mai suna Carl Linnaeus ne ya daidaita tsarin, kuma daga bugun littafinsa na 1758 ake lissafin sunayen dabbobi na kimiyya. Kowace dabba suna biyu gare ta, na gidansu da nata na kanta. Zaki Panthera leo, damisa Panthera pardus, kin ga gidansu ɗaya ke nan. Kyanwar da ke kwana a madafinku sunanta Felis catus, gidanta daban amma zuri'arsu ɗaya. A nan za ki sha mamaki. Jemage ba tsuntsu ba ne, haihuwa yake yi ya shayar da nono. Rema da ke ɓuya cikin duwatsu ta fi kusanci da giwa a kan ɓera, haka ma ayu na kogin Binuwai.

Kada ki ɗauka haddar sunaye ce kawai. Sauro kala-kala ne, amma macen jinsin Anopheles ce ke yaɗa zazzaɓin cizon sauro, shi kuwa Aedes shawara yake kawowa. Wadda ta iya bambance su a ƙarƙashin madubin ƙara girma ita ke gaya wa ma'aikatan lafiya inda za su sa ƙarfinsu. Giwar Afirka ma da ana yi mata kallon iri ɗaya, sai a 2021 ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta lissafa ta iri biyu, ta fili da ta kurmi, ta kuma bayyana cewa ta kurmin tana dab da ƙarewa.

Ni ɓangaren da ya fi burge ni shi ne fita daji. Ɗalibai kan tashi tun da sassafe da littafi da biro da tabarau mai hangen nesa, su bi layi guda miƙaƙƙe suna rubuta duk abin da suka gani, da lokaci da nisa. In dabbar mai ɓuya ce sai a karanta sawunta da kashinta, ko a ɗaure kyamara a jikin bishiya wadda ke ɗaukar hoto da kanta idan wani abu ya gitta. Tsuntsu kuma a kama shi da raga mai laushi, a auna shi, a sa masa zobe mai lamba a ƙafa, a sake shi. A dajin Yankari na Jihar Bauci, wanda aka keɓe tun 1956, an sa wa wasu giwaye abin wuya mai aika saƙo ta tauraron ɗan Adam, don a san inda garke ya dosa kafin ya afka gonakin mutane. A fadamun Haɗeja da Nguru kuwa, a watan Janairu akan ƙirga tsuntsayen ruwa, cikinsu har da baƙi da suka tsallako Sahara daga Turai.

To ƙirgar nan me take tsinanawa? Dubi raƙuman dawa na Kure, kusa da Yamai a Nijar. A 1996 guda 49 kacal suka rage. Aka riƙa ɗaukar hoton kowanne, tunda zanen jikin wannan ba ya kama da na wancan, aka haɗa kai da mutanen ƙauyuka, har suka haura 600. Ki kuma tambayi Baba yadda ungulu ke cika mahauta a zamaninsu, yau fa? A 2015 aka sa ta cikin tsuntsayen da ke dab da ƙarewa. Ai in ba mai ƙirgawa, sai abu ya ƙare sannan a ankara.

Ba zan ɓoye miki ba, akwai wuya. Ga rana, ga ƙaya, ga kaska, ga warin maganin da ake adana matattun dabbobi a ɗakin gwaji, lalle da dogon farce kuwa sai ranar hutu. Iyaye ma suna da gaskiya in sun ji tsoron 'yarsu a daji. Sai ki yi musu bayani cikin ladabi cewa a rukuni ake fita, da malamai da masu gadin daji. Ki ba su labarin Jane Goodall, 'yar Ingila da ta tafi dajin Gombe a 1960 tana da shekara 26. Gomben Tanzaniya fa, ba tamu ba! Hukuma ta ƙi yarda ta zauna ita kaɗai, sai mahaifiyarta ta raka ta. A can ta ga birin cimfanzi yana zura tsinke cikin suri yana ciro gara, binciken da ya sa duniya ta san sunanta har ta rasu a 2025.

Ke da ke sakandare, ki riƙe Bayoloji da Kemistiri da kyau, kada ki yi wasa da Lissafi da Turanci, domin ƙirga ba ta yiwuwa sai da lissafi. Shekara 4 ake yi a digirin farko, kuma ana koyar da shi a jami'o'i irin su Ahmadu Bello ta Zariya da Jami'ar Jos. A Jos ɗin ma akwai cibiyar nazarin tsuntsaye ta A. P. Leventis a dajin Amurum, inda ake yin digiri na biyu. In kin gama, ga koyarwa, ga bincike kan sauro da tsutsar ciki, ga kiwon kifi, ga yaƙi da fari da jan-baki masu cinye wa manoma gero.

Kafin nan ki fara daga tsakar gidanku. Samu ɗan littafi, kullum da safe ki rubuta tsuntsayen da suka sauka a bishiyarku, kurciya nawa, buwa nawa, ki nemi sunayen sauran a bakin tsofaffi. Bayan wata guda ki aiko mana da abin da kika ƙirga.