Ijarar Mai Gudu da Ƙwallo a Amurka

Ku sani a ƙwallon Amurka akwai wanda aikinsa shi ne ya rungumi ƙwallo ya kutsa cikin ƙarti, suna ta kayar da shi. Galibi kafin shekara 30 gwiwa ta gaji, shi ya sa masu ƙungiya ke gudun doguwar ijara da irinsa.

A 2018 ƙungiyar Pittsburgh ta ɗaure Le'Veon Bell da ijarar shekara guda, dala miliyan 14.5, ba shi da ikon neman wani ubangida. Ya ƙi sa hannu, ya zauna shekara cur ba ko anini. Wasu suka ce wauta ce. To, mu dai a fiƙihu mun karanta ijara ba ta ƙulluwa sai da yardar ɗan ƙwadago. Ƙungiyar Jets ta ɗauke shi a 2019, ta sallame shi a 2020.