Sunan Tarwaɗa da Shaidar Ƙwayoyin Gado

1.0 Gabatarwa

A unguwannin Hausawa na Anaca da Inugu da Fatakwal, fataucin banda tsohuwar sana'a ce, kuma akasarin kifin daga yankin Tafkin Cadi ake sauke shi. Dillali yakan dubi kwali ya ce tarwaɗa ce, ciniki ya faɗa. Manufar wannan muƙala ita ce nuna cewa sunan nan guda ya rufe halitta fiye da ɗaya.

2.0 Iyakar Ido

A Kogin Kwara da Tafkin Cadi akwai tarwaɗa iri biyu masu kama da juna ainun, Clarias gariepinus da Clarias anguillaris. Masana kan bambanta su ne ta ƙirga 'yan tsinkayen tace abinci da ke cikin mashaƙar kifin, domin ta farkon ta fi yawansu. Sai dai adadin yakan yi kusa a ƙananan kifaye, kuma da zarar an gutsuttsura kifi an banda shi, wannan alama ta ɓace.

3.0 Shaidar Gado

Sinadarin gado da ake kira DNA yana nan ko a ɗan yankin tsoka. Ana karanta jerinsa a gwada da na wani kifi. Gwargwadon kusancin jerin, gwargwadon kusancin dangantaka. A 1997 Agnèse da Teugels da abokan aikinsu suka nazarci irin biyun nan a Senegal, suka tabbatar da cewa kowace jinsinta daban. A 2001 kuma suka nuna cewa su biyun sun fi kusanci da ramboshi, wato Heterobranchus, a kan sauran kifayen da ake kira Clarias. A 2011 Nwani da abokan aikinsa suka tantance jinsin kifi 70 daga kogunan kudu maso gabashin Nijeriya ta irin wannan hanya.

4.0 Kammalawa

Wannan bai rushe hikimar masunta ba, domin sunan Hausa kan bi siffa ne da ɗanɗano da farashi. Amma mai kiwon kifi da ya sayi iri bisa suna kawai yana iya yin asara, musamman ganin ana barbarar tarwaɗa da ramboshi a gonakin kifi. Haka nan ya kamata mai tsara ƙamus ya daina bai wa "tarwaɗa" sunan kimiyya guda, ya bayyana cewa suna ne na dangi.