Gam ba jabu ba ne, fenti ne ya shiga tsakani

Duk lokacin da makarantu suka tashi baje kolin ƙere-ƙeren ɗalibai, daga Gantsa har Birnin Kudu da Dutse, sai ka ji kuka iri ɗaya. Yaro ya ɓata makonni yana sassaƙa ɗan jirgin ruwa na katako, ya shafe shi da fenti yana ƙyalli, ya manna ɗakin matuƙi da sandar tuta, amma kafin a sauke shi daga kan babur komai ya ɓalle. Nan take malami da ɗalibi su haɗa baki: "Ai gam ɗin yanzu duk jabu ne." Wannan zance ya ishe ni. Akwai jabu a kasuwa, babu musu, amma mafi yawan lokuta laifin na mai aikin ne.

Ɗauki abin da ya ɓalle ɗin, ka juya ƙasansa. Za ka tarar da gam a bushe ƙam, ɓawon fenti ja ko shuɗi na manne da shi, a jikin jirgin kuwa ga farin tabo inda katako ya fito tsirara. To ina jabun yake? Gam ya kama abin da aka ba shi, wato fenti, fentin ne ya saki katako. Ƙarfin mannewar ba zai taɓa wuce ƙarfin riƙon fentin ba, ko da kwalba guda ka tuttula. Masu ƙara gam saboda na farko bai kama ba, asarar kuɗi kawai suke yi, su kuma ɓata fuskar aikin. Dubi mai faci a bakin titi: ba ya shafa sholisho sai ya kankare tayar ta yi kaushi. Me ya sa ɗan makaranta zai ga wannan kullum, amma ya kasa ɗaukar darasi?

Kowane gam da yadda yake aiki. Farin gam na kafintoci, irin su Top Bond, shiga yake yi cikin ƙofofin katako ya bushe a ciki; fentin mai kuwa ya riga ya toshe ƙofofin. Gam ɗin jiragen roba da ake saye a kwali narkar da fuskar robar yake yi ta haɗe da 'yar'uwarta, idan fenti ya raba su babu abin da zai narke. Shi kuma Super Glue, wanda Harry Coover ya ci karo da sinadarinsa a Amurka a 1942 aka fara sayar da shi a 1958, danshi ne ke sa shi daskarewa. Shi ya sa yake nawa a tsakiyar hunturu, sai a zaci ya lalace. Tururinsa kuma yakan bar farin hazo a kan fenti.

Ga abin yi. Idan da hali, manna tukuna kafin ka yi fenti. Idan dole sai an fara fentin, rufe wurin haɗin da guntun salatif, ka ɓare bayan ya bushe. Idan kuwa aikin gama ya gama, ɗora abin a mazauninsa, ka zagaye shi da fensir, ka kankare cikin da'irar da bakin reza har katako ya bayyana, a ɓangarorin biyu. Goge ƙurar, kar ka sake taɓa wurin da yatsa mai maiƙo. Ɗebo gam da tsinke, ɗigo ɗaya ya isa. Farin gam yana son a ɗaure shi da roba ko zare ya kwana. Inda ƙarfe ya haɗu da katako, nemi Araldite mai bututu biyu, ka kwaɓa su daidai wa daida.

Abu mai tsayi da ƙaramin gindi, kamar sanda, gam kaɗai ba ya riƙe shi. Huda ƙaramin rami a sama da ƙasa, ka soka guntun waya ko siririyar ƙusa da aka cire wa kai, sannan ka sa gam. Dabarar tsohuwa ce. Masassaƙan Masar ta dā da 'yan turaku suke kafa mutum-mutumin matuƙa a kan ƙananan jiragensu masu fenti. Waɗanda aka tono a kabarin Meketre kusa da Luksor a 1920 sun kai kimanin shekara 4,000. Zafin rana da ruwan damina su ma suna sassauta haɗi, sai a kiyaye.

Iyaye da malamai, a ji tsoron Allah a daina sakar wa yara Super Glue babu kulawa. Kar a buɗe shi da haƙori. Kar a goge shi da auduga ko bakin riga, domin yana ɗaukar zafin da zai iya ƙona fata. Kar a ajiye shi kusa da maganin ɗigawa a ido, kwalaben na kama da juna. Idan yatsu suka manne, a jiƙa su a ruwan ɗumi da sabulu, ba a fizga. Idan ya shiga ido, a wanke da ruwa mai yawa a nufi asibiti, kar a ɓanɓare fatar idon da ƙarfi. Sholisho kuwa ba kayan aikin yara ba ne, kowa ya san ɓarnar da shaƙarsa ke yi wa matasa. Malamin da zai ba da aikin ƙira, ya fara koya wa ɗalibansa kankare fenti kafin ya aike su kanti.