Ƙasa Ma Tana Ƙoshi: Abin Da Daji Ke Koya Mana Kan Yuriya

Ɗan'uwa manomi, ka taɓa tona ƙasar gindin itatuwa a daji? Ba wanda ya zuba mata taki, amma baƙa ce wuluk, ga laushi. Da hunturu marke da madobiya suna kaɗe ganye. In ruwan farko ya sauka, gara da tana da ƙananan halittun da ido ba ya gani su ruɓar da shi, sinadarin naitirojin da ke ciki ya koma ƙasa, saiwa ta sake sha. Haka yake zagayawa, kaɗan ne ke salwanta.

To amma akwai iyaka. A Turai da Amurka, ruwan sama ya yi shekaru yana sauko wa dazuka da naitirojin daga hayaƙin motoci da masana'antu. A 1989 masani John Aber da abokan aikinsa suka bayyana cewa in ya wuce abin da itatuwa da halittun ƙasa za su iya ɗauka, rarar sai ta bi ruwa zuwa rafi, ta kwashe kalsiyam, ƙasa ta yi tsami.

Abin da nake gani ke nan a gonakin bakin kogin Kaduna, wajen Nasarawa da Kudenda. Mutum ya zazzage yuriyarsa duka a rana ɗaya, masara ko gwiwa ba ta kai ba. Buhu mai kilo 50 yana ɗauke da kilo 23 na naitirojin, kuma ƙaramar shuka ba ta da cikin cinye wannan. Ruwa mai ƙarfi ya zo, kuɗinka ya bi kogi. Wanda ka watsa a sama ba ka rufe ba kuwa, iska ce ke shan wani kaso.

Raba shi biyu. NPK wajen mako 2 bayan shuka, yuriya a mako 5 zuwa 6, ka tona ɗan rami nesa da gindi kaɗan, ka rufe. In masara ta yi kore shar tana neman kwantawa, ta ƙoshi, kar ka ƙara.

Sai batun wuta, wanda ya fi damuna. Ganye da karan da kake ƙonawa lokacin sharar gona, naitirojinsu hayaƙi yake bi, toka ba ta riƙe shi. Tara su a rami da kashin kaji ko na shanu, ka riƙa yayyafa ruwa, su ruɓe kafin damina.